Ina Muke Lokacin Da Yake Kwance?

 

Akwai wani dattijo a nan Tudun Wada da ya yi wata bakwai a kwance da ciwon daji. Likitoci sun sallame shi, suka ce a koma gida a ci gaba da ba shi maganin rage zafi. Duk tsawon wannan lokaci matarsa da 'yarsa ne ke juya shi, su wanke shi, su canza masa shimfiɗa, har bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Masu zuwa dubiya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ranar da ya cika kuwa, layin ya toshe da motoci, aka kafa rumfuna, aka yi hayar kujeru. Ranar uku aka girka shinkafa, ranar bakwai aka toya waina, ranar arba'in aka yanka sa. Matar da ta sayar da kayan ɗakinta don sayen magani, ita ce kuma ta ci bashi don ciyar da waɗanda ba su taɓa leƙo mijinta ba.

Daga ina aka samo wannan? Lokacin da Ja'afar ɗan Abi Ɗalib (R.A) ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (S.A.W) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci a kai masu, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Jarir ɗan Abdullahi (R.A) kuma ya ba da labarin cewa Sahabbai na lissafa taruwa a gidan mamaci da girka abinci bayan an rufe shi cikin kukan mutuwa da aka hana. Mu sai muka juya al'amarin, wanda aka yi wa rasuwa shi ke ciyar da gari.

Amma yau ba masu sadakar arba'in kaɗai muke zargi ba, har da kanmu. Mun yaƙi wannan bidi'a daga kan mumbari shekara da shekaru, kuma mun yi daidai. To a masallatanmu nawa aka san sunayen majinyatan unguwa? Usman ɗan Affan (R.A) bai halarci Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, kuma Annabi (S.A.W) ya ba shi kaso da ladan wanda ya halarta. Badar fa! Rufaida (R.A) a cikin masallaci aka kafa mata hema, a nan aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A) bayan yaƙin Handaƙ. Muna karanta waɗannan a darasin bayan Magariba, mu tashi mu wuce ƙofar maƙwabcin da ke nishi.

A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti na waƙafi a Alƙahira, ana jinyar talaka kyauta. A 1967 wata likita, Cicely Saunders, ta buɗe gida a Landan domin kula da waɗanda ajali ya kusanto, a rage masu raɗaɗi, a tallafi iyalansu. A 1993 irin wannan aiki ya isa Yuganda, inda ma'aikatan jinya ke bin majinyata har gida da ruwan mofin. Masu cewa neman rage zafi rashin tawakkali ne, su kawo mana dalili. Malamai sun halatta irin wannan magani bisa lalura idan likita ya rubuta, kuma wanda azaba ta bar shi ya fi samun natsuwar ambaton Allah da faɗin wasiyya.

Tun da Asibitin Koyarwa ya koma Shika a 2005, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talakan Tudun Wada komawa ganin likita. Jinyar ƙarshe a gidajenmu ake yin ta, kuma a kan mata take faɗawa.

Saboda haka muna kira ga kwamitin kowane masallaci ya rubuta sunayen majinyatan da ke kwance a unguwarsa, a raba kwanaki, maza ga maza, mata ga mata, ko mai jinya ta samu barcin dare ɗaya. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su koya wa 'yan agaji yadda ake juya majinyaci duk bayan awa biyu da yadda ake wanke gyambo, malamai su koya masu laƙƙana kalmar shahada a hankali ba tare da takura ba. Wanda ya saba kawo buhun shinkafa ranar bakwai, ya kawo kuɗinsa asusun magani tun mai shi na da rai. Kuma idan an watse daga zaman ta'aziyya, a tuna akwai mace a ɗaki da takaba ta wata huɗu da kwana goma. A rubuta sunan wanda zai kai mata hatsi a wata na biyu da na uku, a karanta shi a gaban liman.