Ma'aikacin Ɗakin Karatu da Wayar Hannu: Ina Rabon Sabuwa?

A watan Satumba na shekarar 2021 gwamnatin Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai masu rahoto. Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suna cikin jerin. Har zuwa watan Disamba na wannan shekara, mutumin Sabuwa da ke so ya ji muryar ɗansa a Kaduna, ko ya karɓi kuɗin da aka aiko masa ta banki, sai ya yi tafiya zuwa inda sabis ke kamawa, a kan hanyar da ita kanta abin tsoro ce. A daidai wannan lokaci kuma Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter a ƙasar baki ɗaya, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

Mun tuna da wannan ne, 'yan'uwa masu karatu, saboda maganar da ta cika bakin shugabannin aikin laburare a ƙasar nan, wato cewa lalle ne ma'aikacin ɗakin karatu ya koyi aiki da intanet da kafofin sada zumunta, in ba haka ba zamani ya wuce ya bar shi. Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, takan ɗauki wannan batu a tarurrukanta. Hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, wadda dokar soja mai lamba 12 ta 1995 ta kafa, ita ma takan shirya bita a kai. Maganar gaskiya ce, ba mu da ja da ita. Amma bitar da aka tsara a ɗakin taro mai sanyi a Abuja, in an kawo ta ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da dajin Birnin Gwari, akwai abin da za a rage, akwai kuma abin da za a ƙara.

Asalin irin wannan koyo ba a nan ya fara ba. A 2006 wata ma'aikaciya mai suna Helene Blowers, a laburaren jama'a na birnin Charlotte a Jihar North Carolina ta Amurka, ta lura abokan aikinta suna jin tsoron sababbin kayan intanet. Ba ta tara su a aji ta yi masu lacca ba. Ta rarraba koyon gida 23, kowane gida ɗan ƙaramin aiki ne da mutum zai yi da hannunsa a lokacin aiki: yau ka buɗe shafinka, gobe ka ɗora hoto, jibi ka gyara rubutun da wani ya fara. Wanda ya gama aka ba shi kyautar 'yar na'urar sauraren waƙa. Ta kuma bar tsarin a buɗe ga duk mai so, har ɗakunan karatu a Ostareliya da Turai suka kwaikwaya. Abin da ya sa ya yi nasara shi ne an ba ma'aikaci lokaci, an kuma bar shi ya yi kuskure ba tare da an yi masa dariya ba. Amma fa kowane ɗaya daga cikinsu yana da kwamfuta a kan teburinsa, wuta ba ta ɗaukewa, ba shi ke sayen data daga albashinsa ba.

Mu nan Arewa mun taɓa gwada ba ma'aikaci ɗaki ba tare da an ba shi horo ba, mun kuwa ga ƙarshensa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mulki sun sa hukumomin En'e su buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, domin mutane su karanta labarin yaƙi a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Masu tsaron ɗakunan yawancinsu ba su da wani horo, aikinsu buɗewa da rufewa da share ƙura. Da aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952, sai ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa larduna, yana kuma kiran waɗannan masu tsaro su zo ɗan kos. A 1963 wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zaga Arewa ya rubuta rahoto a kan halin da ɗakunan ke ciki, bayan haka ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968. Tun daga lokacin an yaye ɗalibai masu yawa, amma ina suka tafi? Jami'o'i da kwalejoji da ma'aikatun gwamnati suka kwashe su, gama can albashi da girma suke. A ƙauye kuwa, wanda ake kira ma'aikacin laburare sau da yawa malamin makaranta ne da aka damƙa wa mabuɗin ɗakin da ake ajiye littattafai, a kan aikin ajinsa. In ana maganar horo a Sabuwa, shi ne mutumin da ake magana a kai, ko da shi ke sunansa ba ya cikin rajistar kowace hukuma.

To, me zai koya? A ganinmu buɗe wa ɗakin karatu shafin Facebook domin a ɗora hoton kanta da littattafai shi ne mafi ƙanƙantar abu. Babban aikin shi ne tantance labari. Waya ta riga littafi shiga gidajenmu, WhatsApp kuma ba ya bukatar mutum ya iya karatu, tun da shi ke da murya ake aika saƙo. Masu shekaru a cikinmu ba su manta da watan Agusta na 2014 ba, sa'ad da saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha domin kariya daga cutar Ebola. Mutane suka tashi 'yan'uwansu da asuba, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. A Yuni 2018, lokacin kashe-kashen da aka yi a Jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna wasu daga cikin hotunan tsofaffi ne, daga wata ƙasa ma aka ɗauko su, 'yan sanda kuma sun ce sun taimaka wajen hura wutar ramuwa, har aka tare hanya aka kashe matafiya waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Da yawa daga masu karanta wannan shafi suna da 'yan'uwa a wuraren nan, ba sai mun tsawaita ba.

Gano asalin hoto ba wani sihiri ba ne. Da Google Lens mutum yakan iya ganin inda hoto ya taɓa fitowa da shekarar da ya fito, cikin minti ɗaya ko biyu. Akwai kuma masu aikin binciken labari irin su Dubawa, wadda ta fara a 2018. Yaro mai wayo zai koyi wannan a yini guda. Abin da ba a koyo a yini guda shi ne halin tsayawa a tambaya: wa ya faɗa, yaushe, a ina ya gani? Wannan kuwa tsohon aikin ma'aikacin laburare ne tun kafin a ƙera kwamfuta. A garin da jita-jitar "ga su nan tafe" za ta iya watsa kasuwa, ta sa mata su kwana a daji da goyo, ta kuma sa a far wa baƙon da bai yi laifin kome ba, mutum ɗaya wanda jama'a suka sani ba ya tura abin da bai tabbatar ba yana da daraja ƙwarai.

Akwai kuma koyon yin shiru, wanda ba ma jin ana ambatonsa a takardun bita. A Legas ana koya wa ma'aikaci ya tallata duk abin da ya yi, ya ɗora hoton yara suna karatu, ya sanar da ranar taro da wurinsa. A yankin da aka kwashe ɗalibai 344 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, sanar da duniya cewa yara za su taru a wuri kaza da ƙarfe kaza ba ƙaramin ganganci ba ne. Masu satar mutane su ma suna da waya, wasunsu har bidiyo suke ɗorawa a TikTok. Ko da shi ke a 2025 ƙananan hukumomi da yawa a Katsina sun yi zaman sulhu da 'yan bindiga, ba wanda zai ce a saki jiki. Haka nan takardun mutane. Duk wanda ya zauna yana taimaka wa jama'a cika fom, lambobin NIN da na BVN da hotunan fasfo na mutane za su taru a wayarsa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe irin waɗannan, amma tun kafin doka, amana ce. In wayar ta ɓata ko ta faɗa hannun ɗan damfara, talakan da ya amince ne zai yi kuka.

Cika fom ɗin kuwa shi ne inda talaka zai fara ganin amfanin ɗakin karatu da idonsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Neman rancen karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a Mayu 2024, ta intanet ake yi. Ɗaukar aikin soja da na 'yan sanda duk haka. Ɗan manomin masara daga Sabuwa, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 130,000, yakan iya sanin amsar tambaya sarai, amma ya ɓata rabin lokacinsa yana neman yadda zai motsa linzamin kwamfuta, gama ranar ce ta farko da ya zauna a gabanta. Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Awa goma a gaban tsohuwar kwamfuta, tare da wani mai haƙuri a gefe, sun isa su kawar da wannan tsoro.

Saboda abin da ya faru a 2021, muna ganin duk horon da bai koya wa ma'aikaci yadda zai yi aiki sa'ad da babu sabis ba, bai cika ba. Akwai manhajar kyauta mai suna Kiwix, wadda da ita ake sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a ajiye a kwamfuta ko a katin waya a karanta ba tare da intanet ba. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa, bidiyon koyar da noma, littattafan da aka yarda a raba kyauta, duk ana iya sauke su sau ɗaya a Funtuwa ko Zariya a kawo. Faifan sola ɗaya da batir sun fi janareta, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023. Kuɗin data ma ba wasa ba ne, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025.

Ba karɓa kaɗai ya kamata mu riƙa yi ba. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Afirka, AfLIA, mai hedkwata a Accra, ta fara wani mako na musamman a Mayu 2020 wanda a cikinsa ma'aikatan laburare ke gyara rubuce-rubucen Wikipedia a kan Afirka, suna ƙara masu madogara. Wanda ya nemi Sabuwa ko Faskari a intanet yau, abin da zai fara gani hari ne da adadin gawa. Tarihin garuruwan, da noman auduga da ya ɗaga yankin Funtuwa, da kasuwar hatsi ta Ɗandume, in 'yan ƙasa ba su rubuta ba, wa zai rubuta? Dattawan da suka sani kuwa suna ta ƙarewa.

Saura maganar kuɗi, nan ne kuma gizo ke saƙa. Asusun TETFund yana ba da kuɗin laburare, amma ga jami'o'i da kwalejoji na gwamnati kaɗai, laburaren gari ba ya ciki. Asusun USPF na ƙarƙashin NCC ya raba kwamfutoci ga makarantu da wasu ɗakunan karatu, sai dai kowa ya san yadda irin wannan kyauta kan ƙare in ba a tanadi mai kula da kuɗin gyara ba: a lulluɓe su da leda, a kulle ɗaki, a jira zuwan baƙi. Shi kansa babban Laburaren Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilar ginin hedkwatarsa a 2006, ya kai kusan shekara 20 ba a gama ba, har a Satumba 2025 uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu yi mata murnar cika shekara 65 su ba da gudummawa a ƙarasa shi. In uwa tana bara, me 'ya'ya za su sa rai?

Don haka idonmu ya fi karkata ga na kusa. A 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tsarin mulki kuma ya sa ilimin manya cikin ayyukan da suke da hannu a ciki. Abin da ake bukata a Sabuwa bai fi ƙarfin majalisar ƙaramar hukuma ba: ɗaki guda mai tsaro a cikin gari, kwamfuta biyar ko shida, sola, kuɗin data a cikin kasafin kowane wata, da malamai biyu, namiji da mace, domin 'yan mata da matan aure su ma su iya shiga. Hukumar Laburare ta Jihar Katsina da sashen laburare na Zariya suna da mutanen da za su iya koyarwa, in dai za a yi da Hausa, a kan irin wayar da ma'aikacin ke riƙe da ita, a kuma yi kaɗan-kaɗan kamar na Charlotte, ba a tara kome a kwana uku a raba takardar shaida a watse ba. Ikkilisiyoyin da ke da akwatin littattafai da ajin yaƙi da jahilci su ma suna iya tura mai kula da akwatin ya zauna a wannan aji tare da malamin firamare da malamin Islamiyya. Kansilolin mazaɓu suna zaune a cikinmu, ana haɗuwa da su a kasuwa da wurin biki, kafin a rufe kasafin baɗi ya kamata a tambaye su nawa aka ware.