Kwamfutar Ɗalibi: A Fara Tambayar Batir Kafin a Tambayi Wasa

Duk shekara, da zarar sunayen waɗanda suka sami gurbin karatu sun fito, akwai gidajen da ake zaman shawara a kan abu guda. A Balan, cikin ƙaramar hukumar Gaya, irin wannan zama yakan ƙare da sayar da buhunan riɗi ko ɗan bijimin da aka yi wata da watanni ana kiwo, domin a saya wa yaron da zai tafi Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Bayero a Kano, kwamfutar tafi-da-gidanka. Uba ne ke biya, amma yaro ne ke zaɓa, kuma sau da yawa zuciyarsa tana kan babbar kwamfutar wasa mai fitilu kala-kala da ya gani a YouTube. Zaɓin nan kuskure ne ga mafi yawan ɗalibai, kuma lissafin wutar lantarki kaɗai ya isa ya nuna dalili.

Ana auna ƙarfin batir da wat a awa. Kwamfutar ofis mara nauyi, irin ThinkPad ko EliteBook ko Latitude, tana ɗauke da batir mai kusan wat 50 a awa, kuma idan rubutu ake yi ko karatu ba ta cika shan fiye da wat 10 ba. Wato batir mai lafiya zai kai awa biyar ko fiye. Ita kuwa kwamfutar wasa, ko da batirinta ya kai wat 90 a awa, katin sarrafa hoton da ke cikinta tare da sauran kayanta sukan zuƙi fiye da wat 100 idan wasa ya yi zafi, don haka kafin awa guda ta cika ta faɗi. Kamfanoni ba sa wuce wat 100 a awa a girman batir, saboda shi ne iyakar abin da ake shiga jirgin sama da shi ba tare da neman izini ba. Ban da haka, yawancin kwamfutocin wasa suna rage ƙarfinsu da kansu da zarar an zare caja. Wanda ya biya kuɗin wannan ƙarfi ba zai more shi ba sai yana jikin soket.

Soket ɗin kuma shi ne abin da ɗalibin Wudil ba shi da tabbas a kansa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga rukunin farko na masu amfani da lantarki zuwa naira 225 a kan kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Rukuni na ƙarshe awa huɗu aka yi masa alƙawari, kuma layukan karkara galibi a ƙananan rukunai suke. Ɗalibin da ke haya a wajen makaranta, ko wanda ya koma gida hutu yana rubuta aikin bincikensa na shekarar ƙarshe, yana rayuwa ne tsakanin janaretan mai shagon caji da ɗan faifan sola. Kwamfutar da ake caja ta kafar USB-C da wat 45 ko 65 tana iya shan wuta daga ƙaramar sola ko babban fawa bank. Cajar kwamfutar wasa kuwa takan nemi wat 180 zuwa 230, nauyin da ƙaramar sola ta gida ba za ta ɗauka ba.

Sai nauyi da yanayi. Kwamfutar ofis mai inci 14 ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, ta wasa kuma takan haura kilo biyu, ga cajarta kamar bulo. Wanda zai hau acaɓa daga Balan zuwa Gaya, ya shiga mota zuwa Wudil, sannan ya yini yana zirga-zirga tsakanin ɗakunan lacca, a kafaɗarsa zai ji bambancin. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, kuma zafi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Ƙurar hunturu ita ma tana toshe fankoki, kuma na'urar da ta dogara da fanka biyu don huce zafinta ita ce ta fi saurin shaƙewa.

Masu goyon bayan kwamfutar wasa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ɗalibin zanen gine-gine ko injiniyan ƙere-ƙere da zai yi aiki da Revit ko SolidWorks yana buƙatar katin sarrafa hoto na musamman, kuma irin wannan kati ya fi araha a cikin kwamfutar wasa. Wannan gaskiya ne, amma gaskiyar 'yan tsiraru ce, su ma sai karatu ya yi nisa. Ɗalibin aikin gona, na lissafi, na shari'a, har da na kimiyyar kwamfuta a shekarunsa na farko, abin da yake buɗewa kullum bai wuce Word da Excel da takardun PDF da manhajar rubuta shirye-shirye ba. Sha'awar wasa ma ba abin kunya ba ce ga matashi. Sai dai wasannin da suka fi yawo a hannun ɗalibai, irin su eFootball da Call of Duty, suna nan a waya, kuma kwamfutar ofis ta zamani tana iya ɗaukar wasanni marasa nauyi. Ba hikima ba ce a ba da shekara huɗu ta karatu fansa saboda awa biyu ta nishaɗin dare.

Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Shi ya sa iyaye ke nufar shagunan titin Beirut a Kano neman ta hannu. A nan akwai tarko biyu. Na farko, Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar yawancin injinan Intel da suka gabaci zubi na takwas. Kwamfuta mai kyawun jiki da sauƙin farashi tana iya zama wadda zamani ya riga ya sallama. Na biyu, batirin ta hannu ya sha aiki a wata ƙasa kafin ta iso. Windows tana iya fitar da rahoton batir da ke nuna ƙarfinsa na asali da abin da ya rage masa yanzu, kuma mai saye yana da haƙƙin ganin wannan rahoto kafin ya ƙirga kuɗi. Wanda ya biya bai gani ba ya yi cinikin biri a sama.

Masu sha'awar MacBook Air, wadda tun samfurin M1 na 2020 ta yi suna da daɗewar batir kuma ba ta da fanka, su fara tambaya a sashensu, domin SolidWorks da ArcGIS Pro a kan Windows suke aiki. Ga sauran, jerin tambayoyin gajere ne: wace manhaja kwas ɗin yake buƙata, awa nawa batirin yake yi, shin ana cajinta da USB-C, nawa ne nauyinta, kuma akwai batirinta da allonta a kasuwar Kano idan sun lalace. RAM mai gigabait 8 ita ce mafi ƙaranci, 16 ta fi kwanciyar hankali, kuma ma'adana ta kasance SSD.

Gidan da ya sayar da amfanin daminar bana ba zai sake yin irin wannan saye ba kafin yaro ya kammala. Ranar da za a gane ko kuɗin sun yi amfani ita ce daren da ya rage kwana guda a miƙa aikin bincike, unguwa ta yi duhu, mai shagon caji ya rufe. Ɗalibin da kwamfutarsa ta kai shi asuba a wannan dare shi ne wanda aka yi wa zaɓi nagari.