Kira ga shugabannin WordPress: a ba kowane aji zauren sunansa

Zuwa ga jagoran aikin WordPress, Matt Mullenweg, da masu kula da ginshiƙin manhajar, da tawagar tantance fulogin.

Ina rubuto muku ne a matsayin ɗaya daga cikin masu cin abinci da wannan manhaja, masu gina wa makarantu da jaridu da ƙananan 'yan kasuwa shafukan intanet. Tun 2003 kuke ba da ita kyauta, yau kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke tsaye. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Girman amanar da ke hannunku ne ya sa na kawo kukana.

Kukan a kan sunayen azuzuwan kod ne. A harshen PHP, aji biyu ba sa ɗaukar suna ɗaya a fili guda. Idan fulogin ɗin karɓar kuɗi ya kira ajinsa Settings, na aika saƙo shi ma ya kira nasa Settings, da zarar an loda na biyun sai PHP ya ce an riga an kama sunan, shafi ya ɗauke ɗif. Mai shago ba ya ganin kod, abin da yake gani shi ne masu saye sun zo sun tarar da ƙofa a rufe. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne liƙa harufa a gaban suna, kamar WP_Query da WP_Post. Amma fulogin da ke rumbunku sun haura dubu 50, kuma harufa biyu ko uku ba za su ishi kowa ba.

A makarantun ƙasar Hausa, idan Musa ya yi yawa a aji, sai a haɗa kowanne da garinsa, wannan Musa Gwarzo, wancan Musa Bichi, rigima ta ƙare. Aikin zauren suna ke nan, layin nan na namespace da ake rubutawa a saman fayil: kowane aji a san gidan da ya fito. PHP ya kawo shi tun fitowar 5.3 a 2009. A 2013 aka amince da ƙa'idar PSR-4, wadda ta ɗaure sunan aji da wurin da fayil ɗinsa yake, ta yadda manhaja za ta ɗauko shi da kanta a lokacin da ake bukata.

Na san abin da ke sa ku taka-tsantsan, kuma tsoron yana da hujja. Drupal, wata manhajar gina shafuka irin taku, ta sake gini daga tushe a fitowa ta 8 a 2015, sauyin ya yi wa jama'a nauyi har tun kafin fitowar wasu suka ɓalle suka kafa Backdrop, kuma sai Janairun 2025 aka iya rufe babin Drupal 7. Amma takwararta Joomla ta bi a hankali. Tun fitowar 3.8 a 2017 ta mayar da JFactory ya koma Joomla\CMS\Factory, ta bar tsohon sunan yana aiki a matsayin laƙabi, har Joomla 4 ta fito a 2021 ba ta kashe shi ba. Ku ma kun taka wannan hanya: PHPMailer ya shiga zaurensa a WordPress 5.5, laburaren Requests ya koma WpOrg\Requests a 6.2, duniya ba ta tashi ba. Tsohon uzurin nan na cewa dole WordPress ya yi aiki da PHP 5.2, wanda ba shi da zauren suna, kuwa ya kau tun 2019.

Don haka ina roƙon abubuwa huɗu.

Na farko, duk sabon aji da zai shiga ginshiƙi daga yanzu a sa shi a ƙarƙashin zauren WordPress, sunan da ƙa'idojinku suka riga suka keɓe wa aikin.

Na biyu, a kafa hanya guda ta ɗauko azuzuwa kai tsaye, a rage dogon jerin fayilolin da wp-settings.php ke lodawa a kowace buɗe shafi ko ana bukatarsu ko ba a bukata. Masu ƙananan saba masu arha su ne za su fara jin sauƙin.

Na uku, kuma nan ne ciwon ya fi tsanani, a duba laburaren da fulogin ke ɗaukowa daga waje. Fulogin biyu za su zo da Guzzle, ɗaya tsohuwar fitowa, ɗaya sabuwa, dukansu da suna GuzzleHttp\Client. Wanda ya riga lodawa shi ne ke zama, na biyun ya nemi abin da babu a ciki, ya faɗi. Mai gyara zai kwana yana kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya kafin ya gano inda gizo ke saƙa. Kayan aiki irin su PHP-Scoper da Strauss suna iya mayar da kowane laburare ƙarƙashin zauren mai fulogin. Tawagar tantancewa ta mayar da hakan sharaɗi ga sababbin fulogin, tsofaffi a ba su wa'adi.

Na huɗu, kada a taɓa tsofaffin sunaye sai an bar musu laƙabi, an kuma fitar da jadawali a fili, tare da bayani mai sauƙi da masu fassara za su iya kai wa masu koyo a harsunansu.

Ba na neman a rushe gini a sake. Alƙawarin da kuka riƙe na cewa abin da ya yi aiki jiya zai yi aiki gobe shi ne ya tara muku jama'a, kuma duk roƙon nan huɗu za a iya cika su ba tare da an karya shi ba. Abin da ya rage shi ne ku tsayar da rana ku fara. Allah Ya ba ku ikon dubawa, Ya ƙara wa aikin albarka.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai gina shafukan intanet