Waƙar Tsakar Dare



Ran Asabar muna koyon waƙa a ɗakin sujada a nan Dutsin-Ma, sai wata uwa ta shigo ta zauna a bencin baya. Daga wani ƙauye na ƙasar Kurfi take. Bara 'yan bindiga suka kashe maigidanta a gona, ta kwashe yara ta zo wurin dangi. Da muka tashi ta ce mini, "Malam, waƙoƙinku duk na rawa ne. Ba ku da wadda mai kuka zai iya yi?" Na rasa amsa, gama gaskiya ta faɗa.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kuka ba. Cikin Zabura 150, da yawa na makoki ne. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, duk da haka ga Allah mawaƙin yake kira. Bulus da Sila kuwa da tsakar dare suka raira waƙa a kurkukun Filibi, bayan an yi musu bulala, ƙafafunsu a turu (Ayyukan Manzanni 16).

Mawaƙanmu suna son "Haleluya" ta Handel. Wannan Bajamushe ya tsara littafin waƙarsa, Almasihu, a 1741, aka fara raira shi a birnin Dablin a 1742, aka taimaki marasa lafiya da waɗanda aka ɗaure saboda bashi da kuɗin da aka tara. Kafin a kai ga Haleluya, sai mawaƙa sun bi ta Ishaya 53, inda aka raina Bawan Ubangiji, aka ƙi shi. Mu kuwa mukan tsallake wannan. Mun manta cewa bayan wuya sai daɗi, ba kafinta ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin mawaƙa da na Zumuntar Mata: kafin Ista, ku koya wa mutanenku waƙar makoki ko da guda ɗaya. Ku ɗauki Zabura 22 ko Ayuba 19, ku sa musu murya irin tamu, a buga tulu a hankali. Iyaye kuma ku raira ta tare da yara a addu'ar yamma.

Mu mun fara. Uwar nan ta ce za ta dawo ran Asabar.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki. Amin.