Thanos Ba Shi Da Gaskiya

'Yan'uwana ɗalibai, akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Har yanzu samarinmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna gardama a kan fim ɗin Avengers: Infinity War na 2018, inda su Iron Man da Thor da Black Panther suka taru don su tare Thanos. Wasu wai gaskiyarsa ce, tun da abinci ba ya isar jama'a, gara a rage rabi.

To, ni na karanta littafin zanen da aka ɗauko labarin, watau Infinity Gauntlet, wanda Jim Starlin ya rubuta a 1991. A can ba ruwan Thanos da yunwar kowa. Mutuwa ce, cikin siffar mace, ta shiga ransa, ya hallaka rabin halitta don ya burge ta, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Masu fim ne suka naɗa masa rawanin malanta.

Kuma wanda duwatsu shida suka ba ikon yin kome, me ya hana shi ninka gero da dawa? Na kuma lura, duk mai goyon bayansa cikin rabin da zai tsira yake lissafa kansa, shi da mahaifiyarsa.