Raddi ga Mai Cewa Nijar Kaya Ce a Wuyanmu

Wani malami ɗan ƙasar Tambuwal ya rubuta maƙala yana kira ga Nijeriya ta naɗe tabarmar hulɗa da Jamhuriyar Nijar. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake jayayya, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba. Ana jin ta a majalisu tun daga Dogon Daji har Kebbe. Ginshiƙinta shi ne: mu ke bayarwa su ke karɓa, sun saka mana da zagi, kuma in ma akwai riba a hulɗar, ta mutanen Illela da Sabon Birni ce, mu na kudancin jiha ba ruwanmu. Malam ya iya alƙalami, ya kuma zo da hujjoji. Sai dai yawancinsu rabin labari ne.

Ya ce muna ba Nijar wutar lantarki alhali mu muna kwana cikin duhu.

Malam, da farko ba kyauta ba ce, sayarwa ake yi. Kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, abokin ciniki ne da ake rubuta wa lissafi da kuɗin waje. Yakan yi jinkirin biya, bashi kan taru, amma wanda ake bi bashi daban, almajiri daban. Abin da ya fi wannan nauyi kuwa shi ne tambayar da ba ka yi ba: daga ina wutar take fitowa? Wutar da ke zuwa Sakkwato da Kabi daga Kainji take tasowa, ta hau babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga nan a rarraba ta. Daga wannan tashar ta Birnin Kebbi ne wani layin ya miƙe ta Doso zuwa Yamai tun shekarun 1970. Ita kuwa madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ruwan kogin Kwara ne ke juya injinanta, ruwan da ya taso daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ya keta Nijar ta Tillaberi da Yamai da Gaya kafin ya taka ƙasarmu.

Masu lura da tafkin Kainji sun san cewa sau biyu yake samun ruwa a shekara. Akwai na damina, mai laka, wanda gulaben kusa irin su Rima da Zamfara ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma na biyu, garau da shi, wanda ya yi watanni yana tafiya cikin fadamun Mali, sai hunturu ya kama sannan ya iso. Wannan na biyun shi ke riƙe injina da rani, lokacin da babu ɗigon ruwan sama a ƙasar Hausa, kuma ba shi da wata hanyar zuwa sai ta cikin Nijar. Jami'an Nijeriya sun sha faɗa a bainar jama'a cewa hikimar sayar wa Nijar wuta ita ce kada ta ga dalilin tare kogin daga sama. Nijar kuwa tana da nata shirin, madatsar Kandaji da ke arewa da Tillaberi, wadda aka aza harsashinta a 2008, aiki ya yi ta tsayawa yana tashi. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, muka yanke musu wuta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da suke amfani da ita daga wurinmu take zuwa. Yamai ta shiga duhu, asibitoci suka koma kan janareta. Shin Malam ya ga wutar Tambuwal ta ƙaru a waɗannan watannin? Duhunmu ba daga rabon da ake kai wa Nijar yake ba. Daga tsofaffin layuka ne, da taransifoma da ke ƙonewa a bar unguwa tana karo-karo, da bashin da ya shaƙe kamfanonin rarrabawa. Abin da yankewar ta haifar kawai shi ne ta koya wa Nijar cewa dogaro da mu kasada ce, wato muka ƙara wa masu son Kandaji hujja da hannunmu.

Abu ɗaya zan ba ka a nan: Gulbin Zamfara da ke shayar da fadamun Kebbe da Kuchi bai biyo ta Nijar ba. Amma Rima fa? Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya zuba cikin Rima. A can mu ne na sama, a Kwara su ne na sama. Shi ya sa ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan gulaben da suka haɗa su. Wanda yake sama a wani gulbi yana ƙasa a wani ba ya cika baki.

Ya ce mun ci bashi muna shimfiɗa wa Nijar layin dogo.

Layin Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 ne, an ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi, kuɗinsa kusan dala biliyan 2. Buɗe taswira ka bi shi: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, ga kuma reshe zuwa Dutse. Guntun ƙarshe ne kawai ya tsallaka. Nijar ba ta da teku, kayanta sun daɗe suna bin Kwatano da Lome, kuma da ta tashi fitar da ɗanyen manta na Agadem, bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ta ja zuwa gaɓar Benin. Wannan cinikin ne layin yake son janyowa zuwa tasoshin Nijeriya. Da Malam ya ce an fifita Katsina an bar Sakkwato ba jirgi, da na tsaya bayansa. Amma wannan rigimar rabon cikin gida ce, a Abuja za a yi ta, ba a Yamai ba.

Motocin da gwamnatin Buhari ta saya wa Nijar a 2022 kan sama da naira biliyan 1, jami'o'inmu suna rufe saboda yajin aiki, ba zan kare su ba. Sai dai mota goma ba ta isa ma'aunin hulɗar da ta girmi mu duka ba.

Ya ce rufe boda alheri ne ga manomin shinkafa na Kebbe, ya kawo shaida da abin da ya faru daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020.

Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, domin farashin shanshera ya tashi, kuma wanda ke da fadama ya ga kuɗi. Amma shinkafar da ke karya mana kasuwa ba ta Nijar ba ce. Ta Tailan ce da Indiya, a Kwatano ake sauke ta, a biyo da ita ta barauniyar hanya a kan babur da ƙananan motoci. Mai fasa-ƙwauri bai taɓa bin ƙofa ba balle rufe ƙofa ya tsayar da shi. Kuɗin da yake ajiyewa a shingaye ne kawai ya ƙaru. Wanda rufewar ta tsayar shi ne mai takarda, mai tirelar da ta yi layi a Illela har kaya suka lalace. Kuma manomin Kebbe ba shinkafa kaɗai yake ci ba. Yana da gero da dawa da masara da yake son su yi daraja, kasuwarsu kuwa tana arewa. Yana sayen bijimin huɗa da ragon Layya, da yawansu daga Nijar suke gangarowa, uda da balami. Da gwamnatin Yamai ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallar 2025, duk wanda ya shiga kara ya ji a aljihunsa. Kafin nan, a Oktoba 2024, sun hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. Ka gani, Malam, wasan rufe ƙofa ba mu kaɗai muka iya shi ba.

Ya ce shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya zage mu, don haka mutunci ya hana a sake zama da shi.

Tiani ya yi magana mai zafi, ba musu. A hirar da ya yi da Hausa a ranar 25 ga Disamba 2024 ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Malam Nuhu Ribadu, ya musanta, shi ma da Hausa. Ban ga hujjar da aka kawo kan zargin ba, kuma juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da tsare Shugaba Mohamed Bazoum ba abin yabo ba ne. Amma a tuna yadda aka faro. Kwana huɗu bayan juyin mulkin, ECOWAS ta zauna a Abuja ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi. Wa ya kashe wutar rikicin? Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar suka je Yamai, zuwan farko ba su ga Tiani ba, suka haɗiye suka koma. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je aka saurare ta. In Sarkin Musulmi bai ga zubar da girma a komawa ba, ban san mutuncin wa Malam yake karewa ba. An janye takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a Maris, ba tare da ya dawo da Bazoum ko na yini ɗaya ba. Daga baya babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agusta 2024, ministan harkokin waje na lokacin, Ambasada Yusuf Tuggar, ya bi a Afrilu 2025.

Kuma wanda zai lissafa zagi sai ya lissafa halacci. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, Faransa tana bayan Biyafara, ƙasashe irin su Kodebuwa da Gabon suka bi ta, amma shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa ƙasarsa a hannun Faransa take cin abinci. Bayan yaƙin ne shi da Janar Yakubu Gowon suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar a 1971, hedikwatarta a Yamai. A zamaninmu kuma, da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan Sabon Birni da Isa, dubban mutanenmu jihohin Maraɗi da Tawa suka gudu, aka ba su wurin shimfiɗa tabarma. Wannan bai shiga lissafin Malam na wa ke bayarwa wa ke karɓa ba.

Saura uwar kuskuren, wato cewa mu na Tambuwal da Kebbe mun yi nisa da iyaka.

Ita kanta iyakar yaushe aka haife ta? A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun kafa tsinin kamfas a kan birnin Sakkwato suka zana da'ira mai nisan mil 100, suka ce nan ne iyaka. A wannan zanen Birnin Ƙonni a ɓangarenmu take. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanyar da babu rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram, sai aka gyara a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma can. Ƙishirwar sojan Faransa ce ta raba Illela da Ƙonni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna Tambuwal ya riƙe ta, a Maratta aka haife shi a 1754, yau tana cikin Nijar, kakanninsa kuma a Ƙonni suka zauna. Gwandu da ke nan kusa da mu ikonta ya kai har Sayi da Birnin Gaure. Gishirin Foga ta Kamba yake shigowa kasuwar Jega, daga nan ya watsu cikin ƙauyukanmu.

In Malam ya ce wannan tarihi ne, to ya fito bakin titi a Tambuwal bayan la'asar ya zauna wurin mai shayi, wanda wataƙila shi ma ɗan ci-rani ne daga Adar ko Arewa. Ya dubi tirelolin da ke gangarowa daga Sakkwato za su Jega da Yawuri da Kwantagora: shanu an jera su kai da ƙafa, yaran mota zaune a saman katako da rawani ya rufe hanci, buhunan albasa ana jin warinsu kafin mota ta iso. Mai faci, mai tuwo, mai sayar da man inji, duk daga wannan titin suke ci, kuma bakin titin a Illela yake. Ranar da aka rufe can, ciniki ke mutuwa a nan.

Ta fuskar tsaro kuwa nisan ya riga ya ƙare. A Nuwamba 2024 hedikwatar tsaro ta Nijeriya ta bayyana Lakurawa a matsayin sabuwar barazana a Sakkwato da Kabi, kuma ita da kanta ta ce sun samu kafar shigowa ne bayan sintirin haɗin gwiwa da sojan Nijar ya tsaya sakamakon juyin mulkin. A cikin wannan Nuwamban suka kashe mutane a Mera ta ƙasar Augie. A Maris 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Sai kuma daren 25 ga Disamba 2025, da Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato. Gwamnatin tarayya ta ce dajin Bauni na ƙasar Tangaza aka nufa, can bakin iyaka, amma ɓaraguzan makami a Jabo suka faɗo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500, daga Kabi har Borno, sojanmu kaɗai ba za su iya tsare ta ba, na Nijar kaɗai ma haka, kuma gurbin da maƙwabci ya bari na nesa ne ya zo ya cike shi da makami mai linzami.

Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025, don haka ɗaya daga cikin inuwowin da suka rage mana da ita ita ce Hukumar 1971, wadda Tuggar da takwaransa Bakary Yaou Sangaré suka amince a farfaɗo da ita. A teburinta ne za a yi maganar ruwan da Kandaji za ta riƙa saki da rani, da bashin NIGELEC, da hana fitar da dabbobi da hatsi, da komawa sintiri tare tsakanin Gudu da Dogon Dutsi. Sanatan Sakkwato ta Kudu da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kebbe da Tambuwal su ne ya kamata Malam ya aika wa takardarsa ta gaba, ya tambaye su yaushe hukumar za ta zauna, kuma wa zai yi magana da bakin manoma da 'yan kara na ƙasarmu idan ta zauna.