Kasalar nan a je a auna jini

Jama'a, iyaye mata da magidanta, ku dubi cikin gidajenku da kyau. Mace ta kwana ta tashi a gajiye, tana neman bargo ana tsakiyar bazara, gashi na cika mataji duk ranar tsifa, fata ta bushe, jiki na ƙara nauyi alhali cinta bai ƙaru ba. Sai a ce son jiki ne, ko a aiki yaro kemis ya sayo maganin ƙarin jini. Haba jama'a!

A gaban wuya akwai 'yar ƙaluluwa da likitoci ke kira tairod. Ita ke hura wutar jiki. In ta yi sanyi, ban da waɗancan alamu, bugun zuciya ya ragu, bayan gida ya taurare, al'ada ta rikice. Ba ta aiki sai da sinadarin aidin, in ta rasa shi ta kumbura, maƙoƙo ke nan. Shi ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. To amma gishirin da aka baje a faranti, rana da raɓa na dukansa, aidin ɗinsa gudu yake yi. Ku sayi na leda, ku adana shi a rufe, musamman gidan da ke da mai juna biyu.

Ga inda aka fi yin sakaci. Akwai nau'in cutar tairod da likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912, wanda garkuwar jiki ce da kanta ke cinye tairod. Sau da yawa takan taɓa tumbi ma, har jiki ya kasa tsotsar bitamin B12. Sai ka ga mutum na shan maganinsa kullum, amma tafin ƙafa kamar ana tsira masa allura, ga mantuwa, ga jini na ƙasa. Hanta, ƙwai, kifi da nono duk suna da B12, amma wanda tumbinsa ba ya tsotsa, yawanci sai an haɗa da allura.

Don Allah ku kai su asibiti, ku nemi gwajin tairod da ake kira TSH, a duba B12, bitamin D da ƙarfin jini tare. Kada wani mai talla ya ruɗe ku, ƙwayar bitamin ba ta maye gurbin maganin tairod. Wanda aka ɗora a kan maganin tairod na Levothyroxine, ya sha da sassafe da ruwa zalla, ya jinkirta koko ko shayi na aƙalla rabin awa, maganin ƙarin jini kuwa ya ba shi tazarar awa 4.